Yadda Ake Ɗumama Injin A-kori-kura Mai Dizal da Hitarta a Sanyin Kanada

Hunturuna na farko da a-kori-kura mai shan dizal a Edmonton da ke lardin Albata na Kanada, na yi abin da duk wanda ya taso a gida zai yi. Da asuba na fita na tayar da mota, na bar ta tana silo, na koma ciki na yi salla, na sha shayi, da tunanin kafin in fito ɗakin direba ya yi ɗumi. Bayan minti 40 na fito. Allurar zafi tana kwance inda na bar ta, hita tana huro iska mai sanyi, sitiyari kuwa ko da safar hannu sai da na ji shi har ƙashi. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan tirela, yana tsaye da shebur yana kallona. Ya tako ya sunkuya a gaban motar, ya zaro wata 'yar waya mai kan fulogi da ke naɗe a bayan bamba, ya ɗaga mini ita. Wallahi ban ma san tana nan ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne injin dizal ba ya ɗumi da zama, sai da aiki. Na fetur ko yana silo yana zubar da zafi mai yawa cikin ruwa, shi ya sa ƙaramar mota kan ɗumama cikin minti 10. Na dizal marowaci ne. In yana silo ɗan mai kaɗan yake lasa, iska kuwa yana zuƙarta da yawa, kuma iskar nan mai sanyi ita ke ratsa cikinsa tana kwashe ɗan zafin da ya tara. Ga shi ƙaton ƙarfe. Injin Cummins mai lita 6.7 ya kai wajen rabin tan, yana ɗauke da baƙin mai sama da lita 11 da ruwa sama da lita 20. Ita kuma hitar ɗakin direba ba ta da wutar kanta. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, ruwan inji ke bi ta cikinsa, fanka na hura iska a kansa. In inji bai yi zafi ba, babu abin da za ta ba ka. In ka murɗe fankar har ƙarshe ma, ƙara sanyaya injin kake yi.

Sannan ga maganar tashi. Dizal ba ya da fulogi mai tartsatsi. Fistan ne ke matse iska, sau 16 ko 17, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. In bangon silinda ƙanƙara ne, kuma sitata na juyawa da ƙyar, zafin zai zirare kafin mai ya iso. Duk abin da zan lissafa a ƙasa hidimar abu uku yake yi: inji ya juya da sauri, ƙarfe ya kasance da ɗumi kafin a taɓa makulli, mai kuma ya gudana. Ma'aunin da zan yi amfani da shi Salshiyas ne, kuma in na rubuta -20 ina nufin digiri 20 ƙasa da sifili.

Aikin watan Oktoba

Rabin aikin ana yin sa ne kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka, lokacin da hannu zai iya riƙe sifana ba tare da ya manne ba.

Fara da baƙin mai. 15W-40 da muka saba da shi yana yin kauri kamar zuma a -20, sitata ta yi ta fama da shi, kuma bayan tashi sai ya ɗau lokaci kafin ya hau zuwa tabo da saman inji. Juye shi ka zuba 5W-40 na roba, wato wanda aka haɗa a masana'anta. In aikinka can arewa ne wajen Fort McMurray, 0W-40 ma ya fi, matuƙar littafin motarka ya yarda da shi. Duba jikin galan ka ga alamar CK-4, ita ce ta injin dizal na zamani mai matatar hayaƙi.

Sai batir. Manyan a-kori-kurar nan batir 2 gare su, kuma a haɗe suke, don haka in ɗaya ya raunana zai ja ɗan'uwansa ƙasa. Kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Auna su da mita bayan mota ta kwana: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi ne. Amma mita ba ta faɗin komai, ka kai shagon kayan mota su gwada su da nauyi. Lambar CCA da ke jikin batir tana nuna ƙarfin da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a -18, saboda haka in za ka saya kada ka sauko ƙasa da wadda kamfani ya sa. Kankare farin gishirin da ke kan kawunan, ka ɗaure su tamau. Wani abu da ba kowa ya sani ba: cikakken batir ba ya daskarewa sai sanyi ya wuce -50, amma wanda ya mutu kusan ruwa ne zalla a cikinsa, -10 ma ya ishe shi. In ka ga batir ya kumbura ko ka yi zargin ya daskare, kada ka jona masa wayar taimako daga wata mota. Cire shi ka kai ɗaki ya narke tukuna, don yana iya fashewa.

Ruwan lagireto kuma ba ruwan famfo ba ne. Rabi maganin daskarewa, rabi tataccen ruwa, wannan yana riƙewa har -37. A nan Albata na fi son kashi 60 magani, 40 ruwa, wanda ke kaiwa wajen -50. Kada ka ce bari in zuba maganin zalla don ya fi ƙarfi. Shi kaɗai tun wajen -13 yake daskarewa, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar gauraye. Akwai 'yar na'urar awo mai kamar sirinji da ake sayarwa da arha, zuƙo ruwan ka gani da idonka. Kuma kada ka haɗa iri biyu don kawai launinsu ya zo ɗaya, bi abin da littafi ya ce.

Yanzu ga wanda na fi so a tsaya a kai, tamostat. A gida, da mota ta shigo daga Kwatano, wasu makanikai abu na farko da suke yi shi ne su zare shi su jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. To, ga ka a ƙasar sanyin. Aikinsa shi ne ya tare ruwa kada ya je babban lagireto sai inji ya kai wajen digiri 88 zuwa 90. In ya tsufa yakan maƙale a buɗe, kuma da rani ba za ka taɓa lura ba. Da hunturu ne za ka yi tafiyar awa guda allura ba ta kai tsakiya ba. Gwajinsa ba wuya. Tayar da inji daga sanyi, ka riƙa taɓa babban tiyon da ke saman lagireto, kana kaffa-kaffa da fanka da bel. In tamostat lafiyayye ne, tiyon zai daɗe da sanyi, sannan ya yi zafi kusan lokaci guda. In kuwa ya fara ɗumi sannu a hankali tun daga farko, a buɗe yake. Wata alamar ita ce allura ta hau a hawa, ta sauka a gangare. In aka jona kwamfuta, lambar P0128 wannan matsalar take nufi. Yawancin injunan Duramax na motocin GM tamostat 2 gare su, a canza su tare. Kayan ba su da tsada, kuma na ga mutane sun kashe kuɗi mai yawa kan hita alhali wannan ne ciwon.

Daga nan canza filtar mai, ka buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashinta ka tsiyaye ruwan da ya taru, domin ruwa ne ke fara daskarewa tun kafin dizal.

Na ƙarshe, gwada waccan wayar da dattijo ya nuna mini. Ita ce ta hitar jikin inji, wani ƙarfe irin na hitar dafa ruwa da aka dasa cikin ruwan inji, mai cin wat 750 zuwa 1,000 a irin waɗannan motoci. Jona ta da inji mai sanyi, ka kasa kunne. Sau da yawa za ka ji wani ɗan sauti kamar butar shayi ta fara ɗaukar zafi. In kana da mita, auna tsakanin haƙoran fulogin biyu: mai wat 1,000 za ta nuna juriyar wuta wajen om 14, mai 750 wajen 19. In mita ba ta nuna komai ba, galibi wayar ce ta karye a wuyan fulogi, ba hitar ba. Bi wayar da hannu daga farko har ƙarshe. Wadda ta tsattsage ko ta ƙone a baki a canza ta, domin irin waɗannan ne ke tayar da gobara a gareji.

Mai

Ka tuna yadda manja ke yin barci a kwalba da hunturu? Haka dizal yake. Akwai kaki a cikinsa, irin na kyandir. Dizal ɗin rani, wanda ake kira lamba 2, yana fara yin hazo wajen -10 ko ma kafin nan, ƙwayoyin kakin su taru su toshe filta. Lamba 1 ya fi tsinkewa, yana kaiwa wajen -40 bai kama ba, sai dai ba ya kai ka nisan da lamba 2 ke kaiwa. Gidajen mai a Kanada da arewacin Amurka suna sauya haɗin da kansu gwargwadon wata. Jihar Minesota ma, da ta wajabta gauraya kashi 20 na man tsirrai da rani, tana saukowa kashi 5 da sanyi, don shi man tsirrai ya fi saurin kamawa.

Hatsarin yana wajen wanda ya cika tanki a Satumba ya ajiye mota, ko wanda ya sha mai a kudu ya taho arewa a kwana guda, ko mai ƙarin tanki a bayan mota da sauran man rani a ciki. Ƙone na rani kafin sanyi ya kankama. Sayi mai a inda manyan motoci ke sha, don nasu ba ya kwana. Kada tanki ya sauko ƙasa da rabi, saboda iskar da ke sama tana haifar da raɓa. Maganin hana daskarewa kuma ana zuba shi ne a gidan mai kafin a sa bututu, don ya gauraya. In man ya riga ya kama, wannan maganin ba zai narkar da shi ba, akwai wani daban na gaggawa.

Kada ka zuba fetur wai don ya tsinka shi. Tsofaffin injuna sun jure wannan, amma famfon na zamani yana matsa mai har wajen 2,000 a ma'aunin matsi na bar, kuma santsin dizal ɗin ne man shafawarsa.

Ruwan DEF da mota ke fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi, wanda a Turai ake kira AdBlue, yana daskarewa a -11. Kada hankalinka ya tashi, tankinsa yana da hita kuma mota za ta tashi ko yana ƙanƙara. Kada dai ka zuba masa wani magani, kuma kada ka cika shi har baki da sanyi, don yana kumbura in ya daskare.

Da daddare

Ka ajiye motar hancinta yana kallon bango ko gida, ba inda iska ke tahowa ba. Iska ba za ta sa ƙarfe ya fi sararin waje sanyi ba, amma tana saurin kwashe zafin da hitarka ke tarawa. Kafin ka kashe inji, kashe goge-gilashi da fanka da fitilu, don kada da safe su tashi tare da sitata. Buɗe ƙofa na ɗan lokaci damshin numfashi ya fita, ka kakkaɓe dusar da ke kan shimfiɗar ƙafa. Ita ce ke zama ƙanƙara a cikin gilashi da safe, wadda ta fi ta waje wuyar kankarewa.

Sai ka jona. Ni daga -10 nake farawa don jin daɗina, daga -18 kuwa babu shawara. Wayar ƙari ta zama ta waje mai jure sanyi, mai kauri lamba 14 ko 12, kuma gajera gwargwadon iko. Ta cikin gida tana sandarewa ta tsage. Mai ɗan haske a baki ta fi, don daga taga za ka ga ko akwai wuta.

Ba sai ta kwana tana ci ba. Bayan awa 3 zuwa 4 ba wani zafin kirki da ke ƙaruwa, abin da ke shiga shi ke fita. Sayi agogon kunna wuta na waje wanda zai ɗauki amfiya 15. In ƙarfe 6 kake fita, sa shi ya kunna ƙarfe 2 ko 3. Lissafin a fili yake: wat 1,000 na awa 3 yunit 3 ke nan, na awa 10 yunit 10, kowane dare, wata 5. Ranar 13 ga Janairun 2024, da sanyi a filin jirgin Edmonton ya wuce -45 a makon, saƙon gaggawa ya shigo wayoyinmu ana roƙon jama'a su rage cin wuta, har da jinkirta jona hitar mota. A irin wannan daren agogon ya yi rana, don wutarka sai tsakar dare take kamawa. Amma in ba irin wannan roƙo, sanyi kuma ya wuce -35, ina barin ta ta kwana a jone.

Hitar jikin inji ruwa take ɗumamawa, baƙin mai kuwa yana can ƙasa a kwanonsa. Wanda ke wurin da -30 abin kullum ne, ya ƙara hitar da ake mannawa a gindin kwanon mai, da bargon batir mai wuta. Ka dai haɗa jimillar, soket ɗin amfiya 15 ba ya wuce wat 1,800, kuma bai kamata a kai shi maƙura ba.

Rataya wayar a kan madubin ɓangaren direba. Ban san wanda ya yi hunturu uku a nan bai taɓa jan waya a titi ba. Ni tawa sai da wani ya yi mini hon a danja.

Da safe

Cire waya, ka rufe bakin fulogin da murfinsa saboda gishirin hanya. Share dusar da ke kan bonet da gindin gilashin gaba, don ta nan hita ke shaƙar iska. Leƙa salansa ka tabbata dusa ba ta toshe ta ba.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya. Akwai wata fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya. Ita ke gaya maka hitocin tashi suna aiki, irin dai waɗanda direbobin Hilux a gida ke jira da sanyin asuba. A Ford da GM kowace silinda da tata 'yar hitar, a yawancin Ram masu Cummins kuwa wata raga ce mai wuta a hanyar iska. Jira fitilar ta mutu. In sanyi ya wuce -18 kuma ba ka samu jonawa ba, kashe makulli ka sake kunnawa, ta yi zagaye na biyu. Masu maɓalli kuwa motar ce ke jira da kanta.

Sai ka tayar. Kada ka taka totur. In daƙiƙa 15 ta wuce bai kama ba, saki, ka ba sitata minti 2 ta huce. Sau 3 in bai tashi ba, tsaya, akwai dalili, kuma ci gaba kashe batir ne kawai.

Kada ka fesa feshin tayar da inji mai sinadarin ether a cikin injin da ke da waɗannan hitoci. Yana kamawa da ya taɓa jan ƙarfe, ya fashe a hanyar iska ko ya karya zoben fistan.

Da ya kama, idonka kan fitilar baƙin mai. Ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, in ba ta mutu ba kashe inji. Ƙara mai yawa da ɗan farin hayaƙi a minti na farko ba komai ba ne. A Ram za ka ga fitilu suna dushewa suna dawowa, ragar nan ce ke kunnawa tana kashewa, tana jan wuta mai yawa. Shi ma ba ciwo ba ne.

Ba shi minti 3 zuwa 5, daidai lokacin kankare gilashi. In dole ne ya fi haka, ɗaga silon. Yawancin motocin nan suna ɗagawa da kansu in sanyi ya yi yawa. A Ram kana iya yi da maɓallan riƙe gudu mota na tsaye, daga juyi 1,100 har 1,500 a minti, kuma in ka kunna birkin salansa yana ɗora wa inji ɗan nauyi, zafi ya taru da wuri. Abin da ba a so shi ne abin da na yi a hunturun farko. Doguwar silo da inji mai sanyi tana barin man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, baƙin hayaƙi kuma ya cika matatar salansa da motocin 2007 zuwa yau ke ɗauke da ita. Wasu birane ma sun hana, a Toronto minti 1 doka ta ba ka. A rufaffen gareji kuwa kada ka bar inji yana aiki ko na ɗan lokaci.

Sai ka kama hanya a hankali, ƙasa da juyi 2,000, ba fizga, har allura ta motsa. Giya da sitiyari da birki su ma a sandare suke, kuma tafiya ce kaɗai ke sassauta su. In tirela za ka ja, bari inji ya kai zafinsa kafin ka matsa masa a hawa.

A mintunan farko sa fankar hita a ɗaya ko biyu, ka juya iskar ga gilashi. In kujera da sitiyari suna da hitar lantarki, su za su riƙe ka. Wasu Ford suna zuwa da ƙarin hitar lantarki a cikin dashbod, wadda ke ba da ɗumi tun ruwa bai yi zafi ba. Ita murɗe zafi za ka yi har ƙarshe, fanka a tsaka-tsaki. Da allura ta tashi sai ka ƙara fanka, ka raba iskar tsakanin ƙafa da gilashi. Maɓallin juya iskar ciki yana saurin ɗumama ɗaki, amma numfashinku zai rufe gilashi, musamman in kun kai ku 3. Da ka ga hazo, koma iskar waje.

Rigar hanci

Rufe ragar gaban mota yana daga abubuwa mafi arha da suka fi tasiri. A gudun kilomita 100 cikin -30, iskar da ke dukan lagireto da jikin inji ta fi ƙarfin zafin da mota marar kaya ke samarwa. Akwai rigar leda mai kauri da ake ɗinka wa kowace mota daidai hancinta, da 'yan tagogi da ake buɗewa. Tsofaffi kwali suke cusawa, amma kwali yana jiƙewa, kuma in ka manna shi jikin lagireto ka toshe har da mai sanyaya iskar tabo da na man giya. A wajen raga ake rufewa. Da sanyi ya sassauta ya haura sifili, ko za ka ja kaya mai nauyi, buɗe tagogin ko ka cire ta gaba ɗaya. A Kalgari iskar Chinook kan ɗaga zafi da digiri 20 a yini guda, don haka wanda ke can ya riƙa kallon allura.

In inji ya yi zafi amma ɗaki bai yi ba

Fara da ruwa, inji na sanyi, don buɗe murfi da zafi ƙuna ce. In ruwa ya yi ƙasa, ɗan lagireton hita ne ke fara rasawa. In kana jin ƙugin ruwa a bayan dashbod, ko hita na zafi a tafiya ta huce a danja, iska ce ta maƙale. Ajiye mota hancinta a sama, buɗe murfi, sa hita a zafi, bar inji ya yi aiki har kumfa ta daina fita, kana ƙara ruwa.

In ruwa ya cika, nemi ƙananan tiyo 2 da ke shiga bangon da ya raba inji da ɗaki, ka taɓa su inji na da zafi. In duka biyun suna ƙuna, ruwa na zagayawa, matsalar tana cikin dashbod: ko ɗan motar da ke juya ƙofar iska ya lalace, wanda sau da yawa za ka ji yana ƙas-ƙas in ka murɗa zafi, ko filtar iskar ɗaki ta toshe. In ɗaya na ƙuna ɗaya ɗumi-ɗumi, ɗan lagireton ya cushe da laka. Cire tiyon biyu ka tura ruwa ta baya da tiyon ban-ruwa, a hankali, har ya fito fari. Matsi mai ƙarfi fasa shi yake yi, kuma canza shi sai an sauke dashbod. In kana jin wari mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin maiƙo daga ciki, shimfiɗar fasinja a jiƙe, ya riga ya fashe. In kuma ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, wannan aikin makaniki ne, kada ka jinkirta. Ruwan da ka juye kuma a rufe shi, guba ne mai zaƙi, yara da kyanwa na iya sha.

Inda babu soket

Masu aiki a daji ko masu ajiye mota a titi, mafitarsu ita ce hitar da ke ƙona dizal daga tankin motar. Webasto da Eberspächer, wanda a nan aka fi sani da Espar, kamfanonin Jamus ne da suka yi suna a kanta. Mai kilowat 5 tana ɗumama ruwan inji tana zagaya shi da famfonta, tana shan wajen rabin lita a awa. Minti 30 zuwa awa guda ya isa, kuma ta fi ta soket zafi nesa ba kusa ba. Tana da tsada, tana kuma cin batir, don haka gwargwadon lokacin da ta yi tana aiki, ka yi tafiyar da ta kai haka. Da rani ka riƙa kunna ta sau ɗaya a wata. Masu arha da ke hura iska kawai ɗaki suke ɗumamawa, ba su taɓa inji. Duk wadda ka sa, hayaƙinta ya fita waje, ka kuma ajiye na'urar gano iskar guba a ciki.

A wancan makon na Janairu wani yaronmu da bai daɗe da zuwa ba ya kira ni da sassafe. Ya ce, "Kawu, ta tashi lafiya lau, na yi kilomita 2 sai ta fara shaƙewa, yanzu ta mutu a bakin hanya." Na tambaye shi yaushe rabonsa da shan mai. Ya ce tun da ya sayi motar da kaka, tanki cike aka ba shi, kuma bai cika hawanta ba. Na ce ya daina murɗa makulli, kuma kada ya kuskura ya sa wuta a ƙarƙashin tanki, ya shiga shago mafi kusa ya jira ni. Muka sa aka ja ta zuwa gareji mai ɗumi. Da muka kwance filtar, cikinta kamar an cusa man shanu. Muka sa sabuwa, muka zuba maganin gaggawa a tanki, muka bar ta ta sha ɗumi har azahar. Muka kunna makulli muka kashe sau da yawa don famfo ya cika filta, a murɗawa ta biyu ta kama. Daga nan gidan mai muka nufa kai tsaye, ina biye da shi a baya.